Gwaba Shida a Jakar Salla

Talata, 15 ga Afrilu

Ustani Hafizan (Ustani muke ce wa malama) ta kira ni yau ina tsakar wanke kofuna. Ita ta koya min baƙi da wasali har na sauke, a gindin bishiyar gwabar gidanta a Labasa, can gida Fiji. Shekara tara rabona da muryarta, tun da ɗanta Faiyaz ya ɗauke ta ya kawo ta ƙasar nan, garin Renmark, inda yake noman lemo. Matarsa Shabnam ce ta danna mata lambar, muka gaisa, ta ce bari ta duba tukunya.

Muryar ta sirance, amma ita ce. "Nazmun? Mai kuka in an ja mata baƙi?" Ba ta manta ba.

Ta ce abinci ba ya shigar mata. Abu ɗaya take so, ɗanyar gwaba da gishiri da barkono. Sai ta rage murya: "Kar ki gaya wa Faiyaz, tsoron hukuma ya yi masa yawa. Yi min alkawari." Na ce in sha Allahu. Ta ce, "Na san in sha Allahun 'yan yanzu. Alkawari na ce."

Na yi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Mele ta manna takarda a jikin firij. Abinci goma sha ɗaya, kowanne da garinsa. Juma'ar makon gobe hutu ce, ta aro motar ɗan'uwanta, ita da Kalesi za su bi garuruwa suna ci har Robinvale, wurin goggonta. Mu uku ke gidan nan, duk karatun ƙarin ungozomanci ya kawo mu. Mele 'yar Tonga, Kalesi 'yar Suva ta ƙasarmu, ba wadda ta kai talatin. Ni arba'in da tara.

Mele ta ce, "Anti, wata goma kina Melbourne, abin da kika sani ɗakin karatu da shagon mai wake. In kin koma Fiji aka ce me kika gani, sai ki ce fitilar tebur?" Kalesi ta ce a bar ni, ai sai na karanta bayan kwalin ruwa kafin in sha.

Na ce zan je, in za su ƙara da ni zuwa Renmark in gaida malamata. Mele ta ajiye cokali ta taɓa goshina wai ko zazzaɓi ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na tambayi Kalesi, kamar ba komai, ko ana kai wa mutanen Renmark tsarabar 'ya'yan itace. Ta ce ko lemon tsami ɗaya ba ya tsallaka iyakar. Akwai shinge a hanya, ana tsayar da kowace mota. Saboda ƙudan nan da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan itace. In ya shiga yankin, gonaki ne za a rufe.

Na duba a waya. Haka ne. Gwaba ma tana cikin na farko-farko a jerin.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Dafaffiya tana wucewa, na karanta. In na dafa ta da sukari na zuba a kwalba ba mai magana. Amma ba dafaffiya na yi wa alkawari ba.

Na ɗauki waya sau biyu in kira Shabnam in tambaye ta. An ce kar Faiyaz ya sani, kuma gaya wa matar mutum gaya masa ne. Na ajiye.

Ustani kuwa, matar da ta zaunar da ni shekara shida, ba ta taɓa karɓar ko ƙwandalar babana ba. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Tana da tamanin da bakwai.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na haɗa jaka. Na sa ledoji uku masu zif a cikin jakar salla, ban ce wa kaina don me ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, Robinvale

Mun fita bayan asuba. Na farko a takardar Mele wani gidan burodi ne a Bendigo, muka same shi a kulle, ranar tunawa da sojoji ba a buɗewa sai rana ta yi. Mele ta kifa goshi a gilashi tana kallon tire babu komai. "Awa biyu na yi tuƙi da yunwa saboda kai." Kalesi ta ce, "Yunwa? Wa ya cinye biskit ɗin Anti tun kafin mu bar gari?" Muka ƙare a wurin wata Bavietnamiya mai burodi da kifi da ɗanyen ganye. Na tambaye ta man da ta shafa, ta ɗauko robar ta miƙo min ba ta ko ɗago ba. Na karanta. Na ci. Da daɗi, gaskiya.

A Swan Hill kek mai kauri da madarar ƙwai a tsakiya. Mele ta ci biyu ta ce na farkon gwaji ne. Na yi ƙasaru a bakin kogi, Kalesi ta tsaya tana kore min tsuntsaye.

Muka sauka gidan Goggo Seini, yayar baban Mele. Mele mai surutu ta zama wata iri a gabanta, ta zauna a ƙasa, ba ta taɓa kwano ba sai da aka ce ta ci. An yi lu, nama a ganyen gwaza da madarar kwakwa. Goggon ta ce min tun jiya ta aika Mildura aka sayo rago wurin mahaucin Musulmi, ta kuma sayi sabuwar tukunya. "Mele ta ce ke mai bincike ce. To bincika." Kunya ta kama ni. Na ci har na ƙara.

'Ya'yanta maza biyu suna jiran wata mai zuwa su tsallaka Renmark tsinkar lemo, da shi suke riƙe gida duk lokacin sanyi.

A bayan gidan akwai bishiyar gwaba. Ta yi 'ya'ya har reshe na taɓa katanga. Ƙamshin ya tarye ni tun daga ƙofar kicin, sai na ji kamar in na juya zan ga Ustani da 'yar sandarta. Goggo ta ce, "Ku ci iya cikinku. Amma a nan. Ko ɗaya kar ta shiga mota, kun ji ni ko?" Muka ce mun ji. Har da ni.

Asabar, 26 ga Afrilu, da sassafe

Shida. Na tsinko su bayan salla, kowa na barci. Na juya kowacce a hasken safiya, ba huji, ba tabo, ba laushi. Shekara ashirin da shida ina duba jarirai, na san yadda ake duba abu.

Leda cikin leda cikin leda, na naɗe a darduma. Na yi istigfari ɗari. Ban mayar da su ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, Renmark, kafin magariba

Bari in rubuta a jere.

Mildura, karin safe wurin wasu Turkawa, waina mai faɗi da cuku da alayyafo. Na bakwai a takarda. Ban ji ɗanɗanonta ba. Mele ta ce, "Anti ta ƙoshi da lu, yau azumin nadama take."

Kafin shingen akwai manyan garewani a gefen hanya inda ake zubar da 'ya'yan itace. Kalesi ta sa aka tsaya, ta zazzage jakarta, ta sami tumatir ɗaya a cikin burodin jiya ta jefa. Ta leƙo baya. "Anti, ke ba sai an tambaye ki ba." Suka yi dariya. Jakar tana kan cinyata.

A shingen wani dattijo ne mai hular rana, fuskarsa duk ta ƙone. Ya tambayi Mele ko akwai 'ya'yan itace ko kayan lambu. Ta ce babu. Ya buɗe but, ya buɗe akwatin ƙanƙara, ya ɗaga jakunkuna. Ya zagayo tagata ya nuna abin da ke cinyata. Kafin in buɗe baki Kalesi ta ce kayan sallarta ne. Ya dubi mayafina, ya ja hannunsa baya, ya ce in yi haƙuri, Allah ya kiyaye hanya.

Ban ce komai ba. Na yi ta gaya wa kaina haka har muka shiga gari: ai ban ce komai ba.

Faiyaz ya yi furfura. Ni na riƙa goya shi in Ustani na jan karatu. "Yaya Nazmun! Har yanzu kina tafiya kamar ƙasa za ta ji ciwo?" Shabnam ta yi shinkafa da kaza da miyar kabewa irin ta gida, Mele ta ce a rubuta shi na sha biyu. Bayan abinci ya zaga da mu gona. Lemo ya fara ja, saura sati uku a fara tsinka. Layi-layi har bakin gidan, na farkon ma reshensa na goga tagar ɗakin Ustani. Mele ta tambaye shi wasu robobi da ke rataye a jikin itatuwa. Ya ce tarkon ƙuda ne. Shekara biyu da suka wuce aka kama ƙudan a bayan gidan wani, can cikin gari, aka ja da'ira a taswira, gonarsa ta faɗa ciki. Rabin lemonsa a rami ya ƙare. Masu tsinka ya sallame su tun sati na biyu. "Mutum ɗaya ne fa, Yaya. Wani ya kawo wa wani tsaraba."

Na ji shi da kunnena. Duk da haka na shiga ɗakin da jakar. Na ce a raina: a ɗaki ne, zan tsaya a kanta, ɓawo da 'ya'ya duk zan tattara in dafa su da kaina. Ba abin da zai taɓa ƙasa.

Ustani ta ƙanƙance, kamar yarinya a cikin bargo. Idon ya tafi saura kaɗan. Ta shafa fuskata ta gane ni. Na rufe ƙofa na buɗe ledar. Ta ɗaga hanci. Na sa mata ɗaya a hannu, ta riƙe da hannu biyu tana shinshinawa, ta ce, "Gwaba? Wa ya aiko?" Na ce ni ce, Ustani, alkawarin da na yi. Ta ce, "Wane alkawari?"

Na ɗauka wasa take. Na juya ina yanka ta biyu a faranti, in barbaɗa gishiri. Wuƙa ta shiga, ta rabe. Waje lafiya lau. Ciki ya yi ruwa-ruwa, ga su farare, ƙanana, suna motsi. Na ƙirga bakwai kafin in daina ƙirgawa.

Na ɗago. Hannun Ustani ba komai. Tana goge baki da gefen mayafi. Tagar a buɗe.

"Ta lalace," in ji ta. "Na jefa wa kaji."

Ba kaji a gidan nan. Kajin na Labasa ne.

Na fita ta baya. Ciyawa ce da busasshen ganye da aka tara a gindin lemo. Na sami ɓari ɗaya, da shaidar haƙori. Ta fashe da ta faɗi. Sauran ban gani ba. Abin da na karanta ran Alhamis ya dawo min kalma-kalma: tsutsar tana barin ɗan itacen ta shige ƙasa, daga ƙasa ta fito da fiffike.

Kalesi ta kira ni shan shayi. Na ce ɗan kunnena nake nema. Wannan kam na faɗa da bakina.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ban yi barci ba. Biyar ɗin da ɓarin suna cikin leda a ƙarƙashin gado, ina jin ƙamshinsu ko kuwa hancina ne.

Tunanin da na yi ta juyawa: in na yi shiru, watakila ba komai. Sanyi ya fara, watakila su mutu. In na faɗa, jami'ai za su zo gonarsa, sunansa ya shiga takarda saura sati uku tsinka. Wato faɗar ma cutarwa ce. Har na ji wannan ya kwanta min, sai na gane dalilin da ya sa ya kwanta min.

Da gari ya waye na dafa ruwa a butar lantarki na kai gindin lemon na zuba. Na koma na sake. Ina zuba ta uku Faiyaz ya fito daga rumfar tarakta da kofi a hannu.

"Yaya, shayi kike ba itacen?"

Yana murmushi. Da na ce tururuwa ce, da ya wuce. Na ga hanyar a buɗe sarai.

Na ajiye butar na ce, "Faiyaz, na kawo wa Ustani gwaba daga Robinvale. Da tsutsa a ciki. Ɗaya ta faɗo nan."

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya ce nawa. Na ce shida. Ya ce ina sauran. Na kawo. Ya ɗaga ledar a rana yana kallo. Ya ce, "Kin bi ta shingen da wannan." Na ce eh. "Jiya na tsaya a nan na ba ki labari." Na ce eh. Ya ce, "Da Mele ce da na gane. Ke?"

Ya shiga ya kira lambar hukumar da kansa. Na ji shi yana faɗar sunan gonar harafi-harafi.

Shabnam ta same ni a kicin. Na ce mata alkawari na ɗauka, Ustani ta roƙe ni. Ta zauna ta dafe kai.

"Yaya, kowa take roƙo. Kowa. Limaminmu, mai kawo mata magani, ƙanwata da ke Auckland. Ni ma kullum sai na yi mata alkawarin gwaba, har da kar in gaya wa Faiyaz. Sai ka ce to, ta ji daɗi, ta ɗan ci abinci, zuwa la'asar ta manta. Shekara biyu ke nan. Ba wanda ya taɓa kawowa."

Na ce ban sani ba.

"Da kin tambaye ni."

Litinin, 28 ga Afrilu, Melbourne

Jami'an sun zo jiya da hantsi, mace da namiji, da farar mota. Suka kewaye itatuwa huɗu da igiya, suka kwashe ganyen da saman ƙasar a buhuna, suka yi feshi, suka ƙara tarkuna. Za su riƙa dubawa duk mako. In ba a kama komai ba, shi ke nan. In an kama, da'ira.

Matar ta zauna da ni da takarda. Ta tambayi wa ke tuƙi. Na ce mai tuƙin ba ta sani ba, ta faɗi gaskiyar abin da ta sani, ni na ɓoye a cikin dardumar salla don na san ba za a taɓa ba. Sai da na faɗa na ji nauyinsa. Ta rubuta, ba ta dube ni ba.

Na shiga sallama da Ustani. Ta riƙe hannuna ta ce in ja mata inda na tsaya. Na ja. Ta gyara min madda ɗaya, kuma ita ke da gaskiya. Gwabar kuwa ko alama.

Faiyaz yana can ƙarshen gona da muka tashi. Bai zo ba.

Awa takwas a mota. Mele ba ta kunna waƙa ba. Mun wuce gari biyu da ke cikin takardarta ba ta ko rage gudu ba. Sai wajen Ouyen ta yi magana, idonta a kan titi.

"Ni na ce wa mutumin babu. Da bakina."

Na ce na gaya musu ba ki sani ba.

"Goggo ta saya miki tukunya, Anti. Sabuwa. 'Ya'yanta lemon nan suke jira."

Kalesi ta ce ita ta ji ƙamshi tun Mildura, ta ɗauka a hannunmu ya zauna. Ta ce, "Ni ce ma na ce kayan sallarki ne." Ta juya ta kalli taga.

Na ce ku yafe min. Mele ta ci gaba da tuƙi, Kalesi da kallon taga. Na ga hakan daidai ne.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na kira Goggo Seini. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Na ce a nan." Na ce kin faɗa. Ta ce za ta sa yaran su kaɗe bishiyar su dafa abin da ya rage, tun bara ya kamata. Ta ce in yi addu'a irin tawa, ita ma za ta yi irin tata ran Lahadi.

Juma'a, 2 ga Mayu

A aji yau ana maganar yadda ake karɓar bayani daga majiyyacin da tunaninsa ya fara rauni: a tabbatar daga wanda ke jinyarsa. Na san wannan. Ni nake koya wa sababbi a Labasa.

Talata, 6 ga Mayu

Shabnam: mako na farko, tarkuna ba komai. Kalma shida ta rubuto. Na karanta su ya fi sau goma.

Mele tana dafa nata daban. Takardar tana nan a firij, bakwai da layi a kansu, huɗu babu.

Asabar, 10 ga Mayu

Takardar biyan tara daga hukuma ta iso, da sunana, ba na Mele ba. Alhamdu lillahi. Na ajiye ta a tebur inda za ta gani.

Na gaya wa maigidana a waya. Ya ce, "Ke da ko mangwaron da ya faɗo daga gidan maƙwabci sai kin mayar?" Na ce ni.

Abin da ke cina ba a takardar yake ba. Na yi ta ɗauka tsoron Allah ne ya sa na kasa saɓa wa Ustani. Yanzu ina ganin kamar so nake in shiga ɗakin nan in zama wadda ta kawo. Ɗalibar da ba ta manta ba. Ban sani ba. Watakila duka biyun.

Laraba, 14 ga Mayu

An kama ƙuda ɗaya a tarko na uku. An tafi da shi a duba ko irin ƙudan 'ya'yan itacen ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban je aji ba.

Da rana Mele ta turo ƙofa da ƙafa, faranti a hannu, rogo da kifin gwangwani. Ta dangwarar a kan gado. "Ci. In kin mutu wa zai riƙa karanta mana bayan kwali?" Na ce ba na jin yunwa. Ta ce ba tambayata ta yi ba. Ta zauna a bakin gadon har na cinye, tana latsa waya.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ba irinsa ba ne. Ƙudan gari ne kawai.

Na yi sujada a kicin, a kan tayil, ba darduma. Kalesi ta shigo ta tsallake ni ta ɗauki madara.

Asabar, 24 ga Mayu

Mako na huɗu, ba komai. An fara tsinka ran Litinin, ban da itatuwa huɗun nan. 'Ya'yan Goggo Seini sun tsallaka, suna wata gona kusa da ta Faiyaz. Shabnam ta ce ba a cire tarkunan ba tukuna, sanyi na sa abin ya daɗe a ƙasa, sai an ga bayan hunturu. Wato ban fita ba. Na sani.

Faiyaz bai kira ba. Ni ma ban da fuskar kira.

Talata, 3 ga Yuni

Jarrabawa saura kwana tara. Ruwa tun safe.

Shabnam ta kira da la'asar, ta ce Ustani ta ƙi cin komai tun jiya, tana ta kiran sunaye, nawa ya fito. Ta ba ta wayar.

"Nazmun? Mai kuka in an ja mata baƙi?" Ta ce abinci ba ya shigar mata. Abu ɗaya take so. Ta rage murya, kar in gaya wa Faiyaz. Na ce to, Ustani. Ta ce, "Alkawari na ce."

Na ce na yi alkawari. Manya-manya, masu ja a ciki, da gishiri da barkono. Har na ƙara da cewa bishiyar ta yi 'ya'ya sosai bana. Ban san daga ina wannan ta fito ba.

Ta yi dariya, ta ce to a kawo mata shayi kafin su iso.

Shabnam ta karɓa. Muna magana na ji takun takalmin gona a bayanta, da muryar Faiyaz daga nesa. Ta ce, "Wai in za ki zo hutun Yuli, ki zo hannu rabbana." Na ce to. Ta ce, "Wai har jakar sallar, akwai darduma a nan."

Bayan magariba Shabnam ta rubuto: Ustani ta sha rabin kofi, ta ci burodi yanki ɗaya da rabi.

Na yi istigfari uku. Na tsaya in ji ko zan ci gaba, sai Mele ta ƙwala min kira daga kicin wai in zo in ɗanɗana gishiri. Na tafi.